Jaka da Taikin Dawa

An yi wani sarki mai suna Mainasara, wanda ba ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin wazirinsa Kwasau, wani dattijo mai sanyin magana da ba ya gaggawa ko gari na cin wuta.

Wata rana aka kawo ƙarar wani manomi, Nomau. Da damina ta faɗi ba shi da iri, sai ya je wurin wani attajiri, Barmo, ya ranci taikin dawa, ya kuma ari jaka, wato macen jaki, mai ciki daga cikin jakunansa don ta kai masa gida. A mashigin da kowa ke bi kogi ya kawo ruwa ba zato, ya tafi da jakar da kayanta, shi kansa da ƙyar ya sha. Shaidu sun tabbatar babu sakacinsa. Barmo kuwa, mutum ne da ko ƙwayar gero ba ta faɗuwa a gidansa bai sani ba, ya ce a biya shi duka biyun, in babu a ba shi gonar Nomau. Gonar nan ita kaɗai ce abin da Nomau ke ci da iyalinsa, saboda haka ya durƙusa gaban sarki.

Sarki ya dubi waziri ya ce ruwa ɗaya ne ya ci su a lokaci ɗaya, to, ko dai a biya duka ko a yafe duka, sai in wazirin yana da hujjar raba su.

Waziri ya yi gaisuwa, ya juya ga Barmo cikin ladabi ya ce, "Malam, da jakar ta haihu a gidan Nomau, ɗan na wane ne?"

Barmo bai ko numfasa ba ya ce nasa ne mana, ai aro ya bayar, ba kyauta ba. Waziri ya sake tambayarsa, da dawar ta yi albarka ta cika rumbu fa? Barmo ya amsa cewa ta Nomau ce, shi taikinsa kawai za a mayar masa.

Waziri ya juya ga sarki ya ce, "Allah ya ba ka nasara, Barmo ya yanke wa kansa hukunci. Abin aro shi kansa ake mayarwa, domin bai taɓa barin mulkin mai shi ba, don haka jakar Barmo ce ruwa ya ci. Rance kuwa madadinsa ake mayarwa, domin ya zama na wanda ya karɓa, don haka dawar Nomau ce ta tafi, kuma biya ya wajaba a kansa. Sai dai a jira shi zuwa kaka, gama in an karɓe gonar, a ina zai noma abin biya?"

Sarki ya zartar da hukuncin, ya sa aka ba Nomau iri daga rumbun fada, ya yi wa waziri alkyabba. Nomau ya fita yana share hawaye, ya nufi gonarsa tun shuka ba ta wuce ba.

Sarki ya ce wa 'yan majalisa, "Adalci shi ne wanda zai miƙa hannu ranar riba, kada ya janye shi ranar hasara."