Ranar da Jitar Ernest Ta Yi Cigiyar Saniya

Akwai wani akawu da aka yi a Dutsin-Ma wajen shekarar 1982, tun muna cikin jihar Kaduna, sunansa Ernest. Aiki ne ya kawo shi daga wajajen Kafanchan. Mutanen gari suka kasa juya harshe su faɗi sunan nan, sai suka mayar da shi Anas, shi ma ya riƙa amsawa.

Ernest mutumin kirki ne, ga fara'a. Aibinsa ɗaya: in ya rataya jitarsa mai lantarki, so yake a ji shi tun daga kasuwa har tashar mota. A ganinsa, wanda ya fi ƙara shi ya fi iyawa.

To, sai ga shi ya kamu da son Dina, malamar firamare a Kurfi, wadda ke jan waƙa a cocinsu. Muryarta siririya ce mai daɗi, ba ta ihu. Mahaifinta, Baba Obadiya, tsohon malamin asibiti ne, magana ba ta dame shi ba. Sau uku Ernest yana zuwa gaisuwa, yana komawa bai ji i ba, bai ji a'a ba. A zuwa na huɗu dattijon ya ce:

"An ce kana kaɗa jita. Ran Lahadi ta sama muna da bikin godiyar kaka. Zo ka kaɗa wa Dina, in gan ka."

Ernest ya san wannan Lahadi ce za ta raba gardama. Ko a ce ya turo manya, ko a ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Washegari ya kinkimi jita sai rumfar Malam Ya'u mai gyaran rediyo a bakin kasuwa.

"Malam Anas, lafiya da sassafe?"

"Fikof nake so, mai ƙarfi."

"Fikof? Ai ka ɓata hanya, tashar mota tana can," in ji Malam Ya'u, yana dariya.

Malam Ya'u ya gane sarai, tsokana ce kawai. Ga wanda bai san jita ba, a ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai wani ɗan maganaɗisu da aka naɗe da siririyar waya. Shi ke jin motsin tsirkiya ya miƙa wa amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti. Masu jita suna ce masa fikof, Malam Ya'u kuwa kunne yake kiransa.

Ya buɗe wani gwangwani ya fito da guda biyu.

"Ka ga wannan? Waya kaɗan aka naɗa mashi. Bai da hayaniya, amma kowace tsirkiya za ka ji ta fes. Wannan ko, an naɗa mashi waya har ya ƙoshi. Ƙara kam akwai, sai dai shina tura ma amfilifaya abin da ya fi ƙarfinta, sauti ya dame. Wa za ka bi da kiɗan?"

"Dina."

"To ɗauki ƙaramin."

"Haba, Malam Ya'u! In je gaban surukai da kukan sauro?"

"Ni dai na gaya maka. Amfilifayarka ta tsufa, wayarka duk ta zazzage. Babban kunne kuwa, komi ya ji sai ya kwaso."

Ernest ya kafe, babban yake so. Malam Ya'u bai ja da shi ba. Jitar tana da gurbi biyu, sai ya ɗaura babban a na ƙasa, ƙaramin a na sama, ya nuna masa wani ɗan makunni.

"In ka tura shi sama, ƙaramin za shi karɓi aiki."

"Ba ma zan taɓa shi ba," in ji Ernest.

Ran Lahadi da hantsi cocin Kurfi ya cika maƙil. Ga dammunan dawa da gero a gaba, ga buhunan wake, ga kaji an ɗaɗɗaure musu ƙafafu. Ernest ya haɗa amfilifaya da batirin mota, ya murɗe komai har ƙarshe, ya gyara wuyan riga.

Dina ta miƙe ta ɗauko waƙa. Ernest ya daki tsirkiya.

Jama'a, abin da ya fito daga lasifikar nan ba kiɗa ba ne, injin niƙa ne! Kwanon rufi ya ɗauki rawa, kaji suka hau fuffuka. Bakin Dina yana motsi, amma ba mai jin ko kalma ɗaya. Gogan naku kuwa ya lumshe ido yana kaɗa kai, shi a dole yana burge suruki.

Da aka kai ƙarshen baiti na farko ya ɗaga hannu, wuri ya yi tsit. Sai kawai lasifika ta yi gyaran murya da kanta:

"Ana cigiyar wata saniya, fara, mai karyayyen ƙaho. Duk wanda ya gan ta..."

Ashe babban kunne da tsohuwar waya sun jawo tashar rediyo. Coci ya ɓarke da dariya. Wata tsohuwa ta ce, "Ikon Allah, yau kuma jita ce ke cigiya?" Wani daga baya ya ɗaga murya, "Ai kuwa na ga irinta a Tamawa!" Har fasto sai da ya sa littafin waƙa ya rufe fuska.

Ernest ya so ya tayar da kai ya yi dariya shi ma, sai idonsa ya faɗa kan Dina. Ta sunkuyar da kai, idanunta sun ciko. Sati biyu tana koyon waƙar nan. Nan take kunya ta rufe shi, kuma ba dariyar mutane ce ta fi yi masa ciwo ba, hawayen nan ne.

Ya tura makunnin sama, ya rage amfilifaya sosai, maganar saniya ta ɗauke. Ya ce, "Dina, yi haƙuri. Ɗauko daga farko, ni zan bi ki."

Ta share ido ta ɗauko. Wannan karon jita ta koma bayan murya, tana tafe a hankali, kowace tsirkiya fes. Inda Dina ta ja numfashi ya cike mata, inda ta hau ya ba ta wuri. Kafin baiti na uku mata sun fara amshi, tsohuwar nan har da guɗa.

Bayan an tashi, Baba Obadiya ya kira shi gindin wata darbejiya.

"Wa ya ɓata maka jita haka?"

Ga hanya a buɗe. Malam Ya'u yana can Dutsin-Ma, da Ernest ya ce mai gyara ne, ba mai ƙaryata shi. Har maganar ta zo bakinsa, ya haɗiye ta.

"Baba, ba kowa. Mai gyaran ya gaya mini gaskiya, ni na ƙi ji. So nake ku ji ni."

"Ai mun ji ka. Har mai saniya ya ji ka."

Ernest ya sunkuyar da kai, ya tabbata tasa ta ƙare.

Dattijon ya ce, "Amma da ka rage, sai na ji ɗiyata. Tun tana 'yar mitsitsiya take waƙa a gidana, ban taɓa jin muryarta ta fito irin ta yau ba. Ka gaya wa manyanka su zo."

Ernest ya durƙusa zai yi godiya. Mutumin da ya cika gari da ƙara, ranar nan ƙasa-ƙasa ya yi godiyar, sai da dattijon ya karkato kunne.

Darasi: Ba yawan ƙara ke sa a saurare ka ba. Ka zaɓi abin da ya dace da aikinka da wanda kuke tare, ka ji shawarar wanda ya san sana'arsa, in kuma ka yi kuskure kada ka ɗora wa wani. Kowa a cikinmu ya san wani Anas da ba ya barin a ji muryar kowa sai tasa. Ku tura masa wannan labari, ku tura wa 'yan uwa su ma su ƙaru.