Buhunan Gurasar Khairiyya

Ke Raghad, har kin yi girman da za ki tambaye ni dalilin da na sa ku share soro? Ni ban shiga makaranta ba, amma ɓera bai taɓa kwana a gidana ba. Zauna. Kai ma Rakan, ajiye wayar nan.

Ina da maƙwabciya a unguwar Kudai, nan Makka, Khairiyya, mace mai girman kai. Ɗakuna biyu take ba masu Umra haya, da su take ciyar da 'ya'yanta. Idan alhazai sun watse, sai ta tattara gurasar da suka bari a buhuna, ta kai soro, can saman gida, ta jingina da katifun baƙi. Duk muna yin haka, ba a jefa abinci a shara. Amma mu nan da nan muke kai wa masu tumaki. Ita kullum sai gobe.

Da zafi ya fara raguwa, kowa a layinmu ya tashi. Ana toshe ramukan bango da siminti, ana zubar da ruwan mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, da ya taru a bokiti saboda sauro, ana rufe bakin tanki. Na hau soronta na ce, "Khairiyya, ruwan sama na tafe. Fitar da buhunan nan."

Ta ce, "Ya Hajja, a Makka aka haife ni. Sau nawa ake ruwa a garin nan? Albarka na ajiye."

Na ce, "Albarkar taki tana motsi, na ji da kunnena."

Ta yi dariya, ta ce shi ke nan, na tsufa.

Aka yi ruwa, gurasa ta jiƙe, ba ta leƙa ba. Sai ga Issoufou, mai kawo mata baƙi daga Damagaram, da tsofaffin mata cike da mota. Ina wurin aka sauko da katifu, Khairiyya tana ta yabon laushinsu. Tana warware ta farko, ɓeraye suka watso, iyaye da 'ya'ya, kyankyasai na biye. Wata tsohuwa da aka shigo da ita a riƙe ta haye kujera da kanta. Issoufou ya ɗaga takalmi, sai ya tsaya yana tambayata, "Hajja, ya halatta a kashe a cikin Harami?"

Na ce, "Ɓera ne, buga!"

Katifun duk sun zama rariya. Kafin la'asar baƙi sun koma unguwar Aziziyya, kuma Issoufou bai sake kawo mata ko mutum ɗaya ba. Washegari ta zo aron tsintsiya, kanta a ƙasa. Na ba ta, na haɗa mata da siminti.

Abin da za ku riƙe shi ne, aikin gida yana da lokacinsa, kuma kafin ruwa ya sauka ake yinsa. Wanda ya raina shawarar manya ya ce sai gobe, ɓera ne zai ci abin da yake ci da shi. Yalla, kowa ya kwanta. Rakan, da safe bokitin mukayyif naka ne.