Abin da Nahum Ya Ɓoye a Cikin Kwat

Akwai wani bawan Allah a nan Kuala Lumpur, sunansa Nahum, mutumin Filato. Injiniya ne, yana zaune a Taman Melati da matarsa Caroline da 'yarsu Ƙauna. Ranar Lahadi, ko da zafin garin nan zai narkar da kwalta, za ka same shi cikin baƙar kwat, a tsaye ƙyam a bakin ƙofar coci. Shi ne shugaban masu kula da ƙofa, kuma ba ya wasa da aikin.

Cocin ma ba wani babban gini ba ne. Dogon ɗaki ne a saman wani shago, matakala ɗaya ke kai mutum sama, da ƙofar ƙarfe mai raga a ƙasa. 'Yan Kaduna da Filato ke haɗuwa a wurin, su tuɓe takalma a bakin ɗaki kamar yadda ake yi a ƙasar, su yi sujada da Hausa, a tashi a ci tuwo a yi hirar gida.

Kada ku yi saurin yi wa Nahum dariya, yana da dalilinsa. A ƙauyensu ana tsakiyar sujada aka shigo da bindigogi, kuma wansa bai fito da rai ba. Sai bayan an yi jana'iza mutane suka tuna cewa an daɗe ana ganin wani baƙo yana zama a gindin bishiya yana kallon coci, ba wanda ya taɓa tambayarsa me ya kawo shi. Wannan abu ya tsaya wa Nahum a rai, ya tsallako teku da shi.

To ana nan, sai wani mutum ya fara zama a mamak ɗin da ke tsallaken titi, wato gidan shayi da abincin nan na Indiyawa. Baƙar fata ne, dogo, siriri, da gemu da hula. Duk Lahadi zai zo ya karɓi shayi kofi ɗaya, ya bar shi ya huce, idonsa na kan tagogin coci. Da an gama waƙoƙi an shiga wa'azi, sai ya tashi ya tafi.

Nahum ya gani sau ɗaya, ya gani sau biyu, barci ya ƙaurace masa. Ya sa aka kira taron dattawan ikilisiya.

"Haka aka fara mana a gida," in ji shi. "Ƙirga mu yake yi. Daga yanzu a rufe tagogi, a saki labule, a sa kwaɗo a ƙofar ƙasa da zarar an fara sujada. Mata su daina shigowa da manyan jakunkuna."

Mama Elizabeth, shugabar Zumuntar Mata, ta rungume jakarta. "Ɗana, jakata me ta yi maka? Littafi ne a ciki da maganin hawan jini."

Aka yi dariya, ban da Nahum.

"Saura ɗaya," ya ce. "Dole a samu mutum ɗaya a cikinmu mai bindiga a ɓoye. Ba sai jama'a sun sani ba."

Fasto Michael ya cire tabarau ya dube shi da tausayi.

"Nahum, na san abin da ka gani. Tagogi da kwaɗo mun yarda, mu gwada. Amma bindiga, a'a. Dokar ƙasar nan ba ta wasa da bindiga, ko ta wasan yara ce in ta yi kama da ta gaske. Baƙi ne mu. Ka cire wannan daga ranka."

Nahum ya ce to. Amma irin "to" ɗin nan ce da ba ta wuce leɓe.

Akwai wani ɗalibi a cocin, Godspower, wanda bakinsa ya fi shi girma. Babu abin da bai san inda ake samu ba, a faɗarsa. Shi ya kawo wa Nahum wata ƙaramar bindiga a cikin ledar abinci. Ba ta gaske ba ce, amma baƙa ce, mai nauyi, ba ka bambance ta sai ka riƙe.

"Oga, ka nuna wannan kawai, mutum zai gudu ya bar takalmi," in ji Godspower.

Ranar Asabar da yamma Caroline ta ɗauko kwat ɗin za ta goge, ta ji gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya. Ta sa hannu a aljihun ciki. Sai ga bindiga. Ta tura Ƙauna gidan maƙwabta, ta rufe ƙofa, ta ajiye abin a kan tebur a gaban mijinta.

"Baban Ƙauna, mene ne wannan?"

"Ba ta gaske ba ce. Tsoratarwa ce kawai."

"Ɗan sandan da zai gan ta a hannunka, zai tsaya ya tambaye ka ko ta gaske ce?"

"Maman Ƙauna, ba ki ga abin da na gani ba. Ni na ɗauki gawar wana da hannuna. Na rantse ba za a sake yi mini haka ina tsaye hannu biyu ba."

Caroline ta zauna. Ba ta ɗaga murya ba, ita dama ba mai hayaniya ba ce, amma in ta kafe a kan abu ko Mama Elizabeth ba ta iya tanƙwara ta.

"Na biyo ka har ƙarshen duniya don kada a kashe mini kai," ta ce. "Ban zo nan don in rasa ka a hannun hukuma ba. In ka fito da wannan a titi, ko su harbe ka ko su ɗaure ka. Ni da yarinyar nan ina za mu sa kanmu?"

"To in bar shi ya gama shirinsa?"

"Kai da bakinka ka ce wancan baƙon na ƙauye ba wanda ya tambaye shi. Wannan fa, ka tambaye shi?"

"Mugu ake tambaya?"

"Ni zan tambaye shi gobe."

"Ban yarda ba."

"Ban nemi ka yarda ba, Baban Ƙauna. Ina gaya maka ne."

Ya ɗauki abinsa ya mayar aljihu. Ta ci gaba da guga. Gidan ya kwana ba mai ce wa wani uffan.

Washegari aka fara aiki da sabuwar doka. Tagogi a rufe, labule a sake, kwaɗo a ƙofa. Nahum ya tsaya a ƙasa ta cikin ƙofar ƙarfen, yana hango titi ta raga. Mutumin yana nan a kujerarsa. Ga kuma 'yan sanda biyu sun ajiye baburansu suna karyawa a tebur na gaba da shi.

Caroline ta yi niyyar sauka da zarar mata sun gama waƙa, don ita ke buga musu tulun kiɗa. Amma hankalinta bai kwanta ba. Suna cikin waƙa ta biyu ta ɗan ɗaga labule da gwiwar hannu ta leƙa. Kujerar ba kowa. Mutumin yana tsakiyar titi, ya nufo ƙofar coci.

Ta dire tulun a cinyar Mama Elizabeth ta fita da gudu, ko takalmi ba ta tsaya nema ba.

A ƙasa, mutumin ya iso har jikin raga. Bai ce komai ba, sai ya karkatar da kai yana leƙen matakala. Zufa ta jiƙa wa Nahum wuya. Abin da yake gani a lokacin ba titin Taman Melati ba ne, ƙofar cocin ƙauyensu ce. Hannunsa na dama ya shige cikin kwat, yatsunsa suka kama ƙarfen.

Sai ya ji an damƙe masa wuyan hannu ta kan riga, damƙa ta gaske. Caroline ce, tana haki. Ta shiga tsakaninsa da raga, ta ba shi baya, hannunta bai saki nasa ba.

"Sannu Malam," ta ce da Hausa. "Ina kwana?"

Mutumin ya ja da baya kaɗan, kunya ta kama shi. "Lafiya lau, Madam. Ku yi haƙuri don Allah. Ban zo da wata matsala ba."

"Ashe ɗan gida ne. Ya sunanka?"

"Datti. Daga Zariya. Karatu nake a jami'ar nan ta kusa."

"Malam Datti, mun daɗe muna ganinka a tsallake. Lafiya?"

Ya cire hularsa yana murza ta. Daga sama ana jin muryoyin mata ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin rijiya.

"Ni Musulmi ne," ya ce. "Amma mahaifiyata Kirista ce, 'yar Kudancin Kaduna. Babanmu bai hana ta addininta ba. Ina yaro ni ke raka ta coci, in zauna a waje gindin taga har su tashi. Ita ke buga musu tulu."

Caroline ta ji hannun mijinta ya saki a cikin nata.

"Ta rasu da damina. Fasfo ɗina yana wurin sabunta biza, ban samu zuwa ba. Ban ga fuskarta ba, ban ga kabarinta ba. Wata Lahadi na zo wucewa ta nan sai na ji tulu daga sama, irin bugun nata sak. Ƙafata ta ƙi tafiya. Shi ne nake zuwa in zauna in ji, in an gama in tafi." Ya share ido da bayan hannu. "Yau na ga an rufe tagogi, ba na jin komai. Na ce bari in matso, ko ta matakala zan ɗan ji."

Jama'a, ku ce mini me mutum zai ce a nan?

Datti ya dubi Nahum ta kan kafaɗar Caroline. "Yallaɓai, na ga inda hannunka yake. Ni a jihar Kaduna na girma, na san abin da ake nema a wurin. Ban ga laifinka ba. Zan tafi, ba zan ƙara zuwa ba."

Ya juya. Nahum ya zaro hannunsa daga kwat, ba komai a ciki. Ya sa mabuɗi ya buɗe kwaɗo.

"Malam Datti, tsaya," ya ce. "Shigo."

"Ba zan shiga ciki ba, Yallaɓai. Nan ma ya ishe ni."

Ya zauna a kan matakalar ƙasa. Caroline ta hau sama, ta raɗa wa Mama Elizabeth magana a kunne. Tsohuwar ta miƙe da kanta ta wangale ƙofar ɗaki, ta ce mata su sake waƙar daga farko. Caroline ta karɓi tulunta ta buga shi kamar ba ta taɓa bugawa ba. A ƙasa Datti ya kifa kai a gwiwa yana kuka, Nahum na zaune kusa da shi, abin nan yana tokarar haƙarƙarinsa. 'Yan sandan suka gama shayinsu suka hau babura suka wuce, ba su ma waiwayo ba.

Daga baya Nahum ya je ya faɗa wa Fasto Michael komai, bai rage ba. Dattawa suka sake zama. Aka sa kyamara a matakala, aka je ofishin 'yan sandan unguwa aka gabatar da kai, aka cire kwaɗo don kada gobara ta rutsa da mutane, aka kuma ce duk baƙon fuska mutum biyu su je su gaishe shi su ji daga bakinsa. Godspower kuwa, Mama Elizabeth ta ja shi gefe ta wanke shi tas, har yau in ya hango jakarta sai ya canza hanya.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yammacin wannan Lahadin. Suna komawa gida Caroline ta ɗauko turmin da take daka yaji, ta ajiye a tsakar ɗakin girki, ta miƙa wa mijinta taɓarya. Bai yi musu ba. Ya jefa abin a ciki ya dinga daka har ya farfashe, yana yi hawaye na zuba.

"Mutum ya zo makokin uwarsa," ya ce, "ni kuma na tare shi da wannan."

Ta duƙa tana tsince ɓaraguzan da suka yi tsalle.

"Maman Ƙauna, da kin ɗan makara fa?"

Ta ɗago ta dube shi ido cikin ido.

"Da yanzu ni ce a bakin wata ƙofar ƙarfe, riƙe da hannun 'yarka, ina roƙon a bar mu mu ji muryarka."

Darasi: Tsare gidan ibada wajibi ne, amma tsoron da ka ɗauko daga wani wuri kada ya yanke maka hukunci a kan mutumin da ke gabanka. Ka bi dokar ƙasar da kake ciki, ka saurari mai gaya maka gaskiya a gida, kuma kafin hannunka ya kai aljihu, bakinka ya fara kai gaisuwa. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu tsayuwa a ƙofofin coci da masallaci.