Munzali da Ɗakin Gwaggo Fanna

Akwai wani dillalin shinkafa a Haɗeja, Munzali, wanda bakinsa ya fi hannunsa aiki. Kullum a majalisa sai ya bugi ƙirji ya ce shi kaɗai ke riƙe da gwaggonsa Fanna, ci da sha da magani, har ruwan alwala shi ke ɗumama mata.

Alhali ƙungiyar unguwa ce ke kula da tsohuwar. Sun raba aikin gida-gida. Adila ce mai kunun safe da shara, Bala mai Keke Napep ke kai ta awon hawan jini, maƙwabta su cika mata randa. Da haka take zaune a gidan da mijinta ya bar mata, kuma ta rantse daga nan sai kabari.

Shi kuwa gogan naku gidan yake so, ya mai da shi siton shinkafa.

Ran nan ya tare Adila a hanya da kwanon kunu a hannunta, ya zage ta tas, wai su 'yan ƙungiya munafukai ne masu neman suna da tsofaffin mutane. Ita ma ba ta raga masa ba, ta ce ya matsa kar kunu ya huce a kan marar kunya.

A fusace ya wuce wajen mai unguwa. Ya ce tsohuwa ta rikice, ba ta gane kowa, don haka a raba ta da 'yan ƙungiya, shi zai mai da ita ƙauye can wajen garin Baturiya.

Mai unguwa ya tambaye shi yaushe rabonsa da ita.

"Ranka ya daɗe, ko yau da safe ni na ba ta abinci a baki."

"To, tashi mu je mu gaishe ta."

Munzali a gaba yana baza riga, rabin unguwa na biye. Ya shige zaure, ya nufi ɗakin da ya sani, ya durƙusa a bakin ƙofa, ya rangaɗa sallama.

"Gwaggo, ɗanki ne."

Sai ga akuya ta leƙo tana tuƙa.

Ashe tun ambaliyar bara ruwa ya ci bangon ɗakin. 'Yan ƙungiya suka yi gayya suka gina mata wani a kan tudu ta bayan gida, tsohon ɗakin aka bar wa awaki.

Gwaggo Fanna ta taho daga can da sandarta, ta ƙare masa kallo sama da ƙasa.

"Munzali ne? Ka yi ƙiba. Mai unguwa, rabona da shi tun sunan 'yarsa, ga shi an ce har an sa ta makaranta. Ku bar shi ya ƙarasa gaisuwar, ita ma akuyar tsohuwa ce."

Yana nan durƙushe, ya rasa ta inda zai miƙe.

Darasi: Kula da tsoho da ƙafa ake yi, ba da baki a majalisa ba. In ba za ka iya ba, kar ka kori masu yi, kar kuma ka raba tsoho da ɗakinsa. Ku tura wa 'yan uwa, musamman wanda ya manta hanyar gidan gwaggonsa.