Malam Haladu Tela da Na'urar Sanyaya Ɗakinsa

An yi wani mutum a wani gari da ke bakin kogi. Ba zan faɗi sunan garin ba, don in na faɗa wasunku za su shiga laluben dangi su bar saurare. Sunansa Malam Haladu, tela ne. Wani bawan Allah ne da in kun gan shi a sahu ba za ku sake waiwayarsa ba: gajere, mai ƙiba, mai saurin dariya. A ɗakinsa yake ɗinki, kekensa na kusa da ƙofa, matarsa Balaraba tana aikinta a tsakar gida suna hira.

Abin ya daɗe, tun zamanin da na'urar sanyaya ɗaki, wadda yanzu kowa ke ce wa esi, ba ta yi yawa ba. A unguwarsu kaf shi kaɗai ke da ita, kuma ba ƙarfinsa ne ya saya ba. 'Yarsa Sa'adatu, mai aikin jinya a birni, ita ta aiko masa, don ta san mahaifinta da zafi ba sa shiri. Irin ta da ce, akwatin ƙarfe mai nauyi da ake fasa bango a cusa, gabanta a ɗaki, bayanta a waje tana gurnani tana ɗigar da ruwa.

To ruwan nan a gindin katangar maƙwabcinsa yake sauka, wani mai sayar da hatsi da ake kira Malam Bara'u, mutum mai kaifin harshe. Maimakon Bara'u ya yi sallama ya faɗa masa a asirce, sai ya tare shi a ƙofar masallaci, gaban jama'a, ya ce wai wasu sun samu abin duniya za su rushe wa talakawa gida. Malam Haladu ya ba shi haƙuri, ya ce laifinsa ne da bai lura ba. Ya sa bokiti a wurin, shi da kansa yake zubarwa safe da yamma. Duk da haka in ya gai da Bara'u, da ƙyar yake amsawa.

Ku saurara. Sai bazara ta shigo, irin bazarar bakin kogi. Kai da ke fifita da hula can baya, ka san abin da nake faɗa. Hadari ya haɗu kullum ya ƙi zubowa, iska ta tsaya cak, ganye ba ya motsi. Ka yi wanka, kafin ka sa riga ka sake jiƙewa. A tsakiyar wannan hali ne, wata ranar Talata da hantsi, na'urar Malam Haladu ta yi tari sau biyu, ta yi wani ƙauri, ta yi shiru.

Aka kira Ilu, shi kaɗai ne mai gyaran irinta a garin. Ya buɗe, ya leƙa, ya shinshina, ya ce injin cikinta ne ya ƙone, sai an aiko da wani daga birni, amma kwana uku ya isa. Jama'a, kun san kwana ukun mai gyara. Kwana uku ya zama mako, mako ya zama biyu. Duk ranar da Malam Haladu ya je shagonsa, Ilu zai ce gobe, shi kuma ya ce Allah ya kai mu, ya tambayi lafiyar iyali, ya dawo. Balaraba ta ce da ita ce da tuni Ilu ya ji abin da bai taɓa ji ba. Ya ce ai Ilu ba shi ke tuƙa motar birni ba, kuma in ya zage shi zafin ba raguwa zai yi ba, sai dai ya ƙara wa kansa wani a ciki.

Amma kada ku zaci bai sha wuya ba. Ya sha. Mai ƙiba a ɗaki mai rufin kwano, ga aikin mutane jibge. Fanka tana juyawa, amma zafin kawai take gaurayawa kamar mai dama koko. Gumi na bin hannunsa yana neman ɗiga a farar shaddar mutane, sai ya ɗaure tsumma a wuyan hannu biyu. Ya jiƙa tawul ya ɗora a ka. Balaraba ta jiƙa tsohon zani ta rataya a ƙofa, ta yayyafa ruwa a daɓe. Sai ya ƙirƙiro wata dabara: ya ajiye kwanon ruwan randa ƙarƙashin keke, ƙafa ɗaya a ruwa, ɗaya tana taka keke, in an jima ya sauya. Ƙurajen zafi suka feso masa a wuya da baya, Balaraba ta bulbula masa hoda har ya zama kamar wanda ya fito daga injin niƙa. Masu kawo ɗinki in sun shigo sai sun yi dariya, shi ma ya taya su. Labari ya zo masa cewa Bara'u na faɗa a kasuwa wai Allah ya hutar da unguwa da gurnani. Ya ce gaskiya Bara'u ya faɗa, shi ma ya huta da ɗaukar bokiti.

Ranar kwana na goma sha bakwai sai ga Ilu da injin a bayan babur. Tun safe yake aiki har aka yi azahar. Ya mayar da na'urar cikin bango, ya kunna. Ta yi gurnaninta, sanyi ya fara fitowa a hankali. Malam Haladu ya jawo kujera ya zauna a gabanta, ya ɗage riga, ya lumshe ido yana hamdala. Balaraba ta bar girki ta jawo tata kujerar. Suka zauna su biyu kamar yaran da aka raba wa alewa.

Ba su daɗe ba suka ji mota ta tsaya a waje, da hayaniyar mata. Balaraba ta yafa gyale ta fita, ta jima, ta dawo. Ta ce Iya Lantana ce, mahaifiyar Malam Bara'u, aka dawo da ita daga asibiti. Ɓarin jikinta ya shanye, ba ta iya juyawa da kanta, bayanta har ya fara salewa saboda kwanciya da gumi. Likita ya ce a nema mata wuri mai sanyi, in ba haka ba ciwon bayan zai zama gyambo, ga shi kuma ɗakinta ya fi tanda zafi.

Malam Haladu ya sauke riga, ya sa hula, ya shiga duba ta. Ya tarar da tsohuwa kwance tana numfashi da ƙyar, jikokinta mata suna karɓa-karɓa da mafici, iskar da suke kaɗawa ma mai zafi ce. Bara'u na tsaye a bakin ƙofa, duk kaifin harshen nan babu shi. Malam Haladu ya yi addu'a, ya fito.

Ya dawo ya tarar Ilu yana tattara kayan aikinsa. Ya je gaban na'urar ya tsaya, ya daɗe a tsaye, sanyi na dukan fuskarsa. Ku saurara da kyau, jama'a, don nan ne wurin. Kada wani ya ce abin ya zo masa da sauƙi. Kwana goma sha bakwai yana jira, bayansa duk ƙuraje, kuma ko sa'a guda bai yi da jin daɗinta ba. Zuciyarsa ta ce masa ya bari zuwa gobe. Ta ce masa ai akwai masu kuɗi a garin. Ta tuna masa da ƙofar masallaci.

Sai ya juya ya dubi matarsa ya ce, "Balaraba, ba ni kaɗai na sha zafin nan ba, har da ke. In na ce a kwance ta a kai wa Iya, me za ki ce?"

Ta ce, "Malam, tun da na dawo abin ke raina, kunyar faɗa na ji saboda bayanka. Amma don Allah a bar ni in ƙara minti biyar."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ta ƙara goma. Suka sake zama, suka cika mintinsu goma cif, sannan ya miƙa hannu ya kashe da kansa.

Ilu da ya ji abin da ake so ya yi, sai ya ajiye jaka ya ce, "Malam, gidan mutumin da ya ci maka mutunci a bainar jama'a?"

Malam Haladu ya ce, "Ba shi ne a kwance ba. Ni in zafi ya ishe ni, ina da ƙafafun zuwa inuwa. Ita ina za ta?"

Da aka gaya wa Bara'u, kunya ta sa ya ce a'a, ba zai iya karɓa ba. Malam Haladu ya ce masa ai ba shi ya bai wa ba, Iya ya ara wa, shi nasa kawai ya nuna wa Ilu inda za a fasa bango. Sai Bara'u ya naɗe hannun riga ya kama gefe ɗaya na akwatin, suka ɗauka tare. Kafin magariba sanyi ya cika ɗakin tsohuwa, ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi ba.

Shi kuwa Malam Haladu aka bar shi da ƙaton rami a bango. Balaraba ta kafa masa ragar sauro, shi kuma yana gaya wa masu kawo ɗinki cewa sabuwar taga ya yi. Ya koma ga tawul ɗinsa da kwanon ruwansa, sai da aka ƙara wata guda kafin ruwan sama ya sauka. A cikin watan nan bayan Iya Lantana ya bushe. Ta sa aka kira shi, ta riƙe hannunsa da hannunta mai lafiya, bakinta na harɗewa, ta ce Allah ya sanyaya masa duniya da lahira. Bara'u kuma, da yake bai iya doguwar godiya ba, sai ya riƙa zuwa bayan la'asar da maficinsa, ya tsaya kan Malam Haladu yana yi masa fifita yana ɗinki, har sai tela ya roƙe shi ya rage ƙarfi kada yadi ya tashi.

Na ga wasunku suna jira in ce wani attajiri ya ji labari ya aiko masa da guda uku. Babu wannan. Da damina ta kankama Bara'u ya so ya mayar, Malam Haladu ya ce a bari sai Iya ta ƙara samun sauƙi. Shekara biyu ta ƙara a duniya, shekara biyun nan na'urar na ɗakinta, shi kuma bazara biyu ya yi da ƙafa a kwano yana dariya. Sakamakonsa yana wurin Wanda ba ya mantuwa.

To jama'a, ga darasin a fili. Ba da abin da ya yi maka saura alheri ne, kuma Allah yana karɓa. Amma alherin da ya fi nauyi shi ne ka miƙa abin da kai ma kake matuƙar buƙata, ga wanda ya fi ka buƙata, ba tare da ka tsaya tuna abin da danginsa suka yi maka ba. Kuma haƙurin da mutum zai yi yana ɓata wa kowa rai, da saura. Ku dubi bawan Allah nan, zafi ya gasa masa jiki amma bai taɓa masa hali ba.

Kada wani ya ce shi ba shi da esi. Kana da fanka, kana da randa, kana da inuwar bishiya a ƙofar gida, kana da kujerar kusa da taga a cikin mota. Kuma a bayan katangarka akwai tsoho, ko majinyaci, ko mai ciki, da wannan zafin da muke ciki ya fi cinsa fiye da kai. In mun tashi daga nan, kafin kowa ya shige ɗakinsa ya rufo ƙofa, ya fara yin sallama a gidan maƙwabcinsa, ko da wanda ba ku ga maciji ne, ya tambaya yaya suke da zafi. Allah ya sanyaya mana zukata, ya sa mu a inuwarsa ranar da babu wata inuwa. Amin.