Jirgin Baba da Hagun Na-Sani

Mijin yayata direba ne, kuma direban kirki, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya daɗe yana jan manyan motoci a dogayen hanyoyi, daga baya ya sayi tasa ƙarama mai ruwan toka, wadda ko ƙwarzane ba ta taɓa yi ba. Kullum da safe sai ya goge ta har mutum ya iya duba haƙoransa a jikin ƙofa. Aibinsa ɗaya ne: ba a gama faɗa masa magana. Kana buɗe baki zai ce, "Na sani." In ka ce masa an yi haihuwa a maƙwabta, ya sani, sai daga baya ya zagaya ya tambayi Yaya ko mace ce ko namiji. Wata rana don in gwada shi na ce gwamnati ta hana sayar da gishiri ranar Laraba, ya ce ai tun jiya ya ji. Daga nan na raɗa masa Na-Sani, sunan ya bi shi har gareji.

Mahaifinmu mai gyaran agogo ne. Da ido ya ci abinci duk rayuwarsa, sai ga shi idon ya fara gajiya. A asibiti suka gaya masa gaskiya, cewa ganin raguwa zai yi ta yi, ba zai dawo ba. Baba ya rufe shago ya dawo gida ya zauna, ba ya faɗa, ba ya dariya.

Akwai wani likitan haƙori da ya saba kawo masa gyara. Shi wannan likita duk ranar hutu yana zuwa filin bayan tsohuwar masana'anta, su da abokansa suna tuƙa ƙananan jiragen sama da rimot. Shi ya zo gaida Baba da wani dogon kwali a hammata. Muka buɗe, muka tarar da siraran katakai marasa nauyi, da gam, da farfela, da batir, da wasu ƙananan injina kamar kwalin ashana masu motsa jela da fiffike, sai rimot mai sanduna biyu.

Na ce, "Likita, ina jirgin?"

Ya ce, "Ga shi nan kana kallo. Baba ne zai fito da shi."

Tun daga ranar muka rasa teburin cin abinci. Baba ya maƙala gilashinsa na gyaran agogo a idon da ya fi gani, ya sunkuya har hancinsa na taɓa katako. Abin da ido ya kasa, yatsu suka yi. Yaya tana zuwa ta duba masa zanen ta ce wannan haƙarƙarin fiffike nan zai shiga, shi kuma ya shafa, ya sa gam, ya kafe da allura. Ni da yake fenti ne sana'ata, ni aka bar wa launi. Na tambaye shi wanne yake so.

Ya ce, "Ka yi wa cikinsa ja. Ja ne bai gudu ya bar ni ba tukuna." Sannan ya ƙara da cewa, "Ni ba tuƙi nake so ba. So nake in ga abin da na haɗa yana yawo a sama, in kalle shi in ƙoshi, kafin fitilar ta ƙarasa mutuwa."

Su masu wannan wasa suna da ƙa'ida. Sabon jirgi, tsohon hannu ne ke fara tashinsa. Sabon shiga kuwa sai a haɗa rimot ɗinsa da na malaminsa, in ya rikice malamin ya karɓa. Likita ya yi wa Baba alkawari shi zai tashi jirgin, ya riƙa kawo shi ƙasa-ƙasa a hankali yana wucewa ta gabansa. Yana wannan bayani Na-Sani yana gefe yana juya makullin mota a yatsa. Likita ya dube shi ya ce, "In kana so kai ma zan koya maka. Amma akwai abu ɗaya da ke rikita kowa, balle ma direbobi. In jirgin ya juyo yana..."

"Na sani, Likita."

"To, madalla," in ji Likita.

Bayan an gama haɗawa, Na-Sani ya riƙa zuwa yana gwaji a kan tebur. Ya tsaya a bayan jela, ya tura sanda dama, jela ta karkata dama. Ya tura hagu, ta yi hagu. Ya ce mini, "Ka gani? Sitiyari ne kawai aka rage masa girma."

Na ce, "Ina birki?"

Ya ce, "Kai dai je ka wanke burushinka."

Ranar tashi muka tafi filin a motarsa, Baba a gaba, ni da Yaya a baya da jirgin a cinyoyinmu kamar jariri. Na-Sani ya kai motar can bayanmu ƙarƙashin bishiya don kada rana ta taɓa fentinta. Muka ajiye wa Baba kujera. Ba kowa a filin sai mu. Can sai Likita ya bugo waya, ya ce an kawo masa wani da kuncinsa ya kumbura kamar ya ɓoye lemo a baki, zai ɗan makara, amma mu jira shi.

Muka jira. Gajimare ya fara taruwa daga gabas, Baba kuma sai da hasken rana sosai yake ɗan gani. Na-Sani ya dubi sama, ya dubi rimot, ya sake duban sama.

Ya ce, "Baba, in kun yarda in ɗan tashe shi kafin rana ta ɓuya."

Baba ya ce, "Da dai mun jira mutumin nan."

"Baba, tirela na ja da kaya a kan gada cikin ruwan sama. Wannan ko nauyin takalmina bai kai ba."

Yaya ta ce, "Maigida, Likita fa ya ce akwai wani abu in jirgin ya..."

"Na sani."

Baba mutum ne mai kunyar suruki. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya gyara hularsa kawai. Na-Sani ya ɗauki gyaran hula a matsayin izini.

Ba zan yi ƙarya ba, farkon abin ya yi kyau. Farfela ta ɗauki ƙugi, jirgin ya ruga a kan ciyawa, ya ɗaga hanci ya hau sama sumul. Yana tafiya gaba yana ba mu baya, Na-Sani ya tura dama ya yi dama, ya tura hagu ya yi hagu. Har ya fara tuƙi yana murmushi yana kallona ta gefen ido.

Baba ya ɗaga kai yana lalube da ido. "Ina yake?"

"Yana sama, Baba. Ga shi can."

"Can ina? Ni ƙara kawai nake ji."

Na-Sani ya ce, "Bari in kawo muku shi." Ya juyo da jirgin, hancinsa ya fuskanto mu.

Daga nan duniya ta juye. Jirgin ya ɗan zame wajen hagunmu, Na-Sani ya tura sanda dama don ya gyara shi. Sai jirgin ya ƙara yin hagu. Ya ƙara turawa, jirgin ya ƙara kwantawa.

Ya ce, "Rimot ɗin nan ya lalace."

Na ce, "Yi hagu."

"Ai hagun yake yi."

Yaya ta ce, "To yi dama."

"Damar nake yi tun ɗazu."

"To wa ke yin hagun?"

Jirgin ya zagaya ya ba mu baya, sai ga dama ta koma dama. Na-Sani ya sauke numfashi ya ce rimot ya gyaru. Jirgin ya sake juyowa, rimot ya sake lalacewa. Ya bubbuga shi a tafin hannu. Ya juya rimot ɗin, ƙasansa ya koma sama, sai jirgin ya yi nutso kamar an kira shi daga ƙasa, Na-Sani ya yi maza ya mayar da shi daidai. Ni ina nuna masa da hannu, Yaya tana nuna masa da gyale, kowa ɓangarensa daban.

Baba ya ce, "Wai me ke faruwa? Ƙarar tana nan, tana can."

Na ce, "Gaisawa yake da unguwa, Baba."

Na leƙa ƙasa na ga ƙafar Na-Sani ta dama tana danna ciyawa iya ƙarfinta. Birki yake nema. Zufa ta jiƙa masa riga. Ya juya wa jirgin baya yana leƙe ta kafaɗa, ya juyo, ya sake juyawa, har ya rasa ko jirgin zuwa yake ko tafiya. Ya tambaye ni, ni ma na rasa. Daga nesa ɗigo ne kawai mai fukafukai.

Zuwa yake. Ya sauko ƙasa-ƙasa ya miƙo kanmu yana ƙugi. Ni na kwanta, Yaya ta durƙusa ta rufe kai da jaka. Baba kaɗai bai motsa ba. Jirgin ya wuce ta saman hularsa, jan cikin nan a buɗe.

"Na gan shi," in ji Baba.

Bai rufe baki ba muka ji tas a bayanmu. Duk faɗin filin nan, jirgin bai ga wurin sauka ba sai gilashin gaban motar Na-Sani. Hanci ya shige ciki, fiffike ɗaya ya tsaya a kan bonet, ɗayan yana lilo a reshen bishiya.

Muna tsaye a haka Likita ya iso. Ya kalli mota, ya kalli bishiya, ya karɓi rimot ya gwada. Ya ce lafiyarsa ƙalau. Sannan ya tsaya gaba da gaba da Na-Sani ya ɗaga hannunsa na dama.

"Wannan hannuna na dama ne. A wane ɓangarenka yake?"

Na-Sani ya daɗe yana kallo. "Hagu."

"Wannan shi ne abin da na so gaya maka. Kai duk rayuwarka a cikin mota kake, inda ta fuskanta nan ka fuskanta. Jirgi kuwa kana waje. In ya juyo yana kallonka, damarsa hagunka ce."

Na jira in ji kalmar nan tasa. Ba ta fito ba.

Muka tattaro ɓaraguzan muka zuba wa Baba a cinya. Ya riƙa shafa su ɗaya bayan ɗaya, yana gane kowane haƙarƙari da yatsa. Na-Sani ya durƙusa a gabansa, ko motar bai waiwaya ba. Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Cewa ya yi, "Jan ya fito sosai. Sai dai ya wuce da sauri. Na so in ƙara kallo."

Na-Sani da kansa ya nemo wani kwalin. Muka sake rasa tebur. Wannan karon yatsunsa masu kauri ne ke riƙe allura, Baba yana shafawa yana cewa cire, ba haka ba, shi kuma yana cirewa. Fukafukai biyu ya haɗa duk na hagu, ya zo yana tambaya ko haka kamfanin ya yi. Aikin ya ja lokaci, idon Baba kuma bai jira ba. Kafin in shafa jan fenti na biyu, jan ma ya tafi.

Duk da haka muka koma filin. Likita ya tashi jirgin, ya riƙa kawo shi a hankali yana wucewa ta gaban kujera, kamar yadda ya yi alkawari tun farko. Baba ya karkata kunne yana bin ƙarar. Na-Sani yana tsugune a gefensa yana ba shi labari: ya hau, ya kwanta, rana ta haska cikinsa. Da jirgin ya yi nisa ƙarar ta ragu, Baba ya dafa kafaɗarsa.

"Yanzu zuwa yake ko tafiya?"

Na-Sani ya ƙura ido, ya daɗe. Sannan ya ce, "Ban sani ba, Baba. Bari in tambayi Likita."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, gwanintarka a wani aiki ba ta sa ka zama gwani a maƙwabcinsa, wani lokaci ma ita ce za ta rufe maka ido. In mai sani ya fara yi maka bayani, ka bar shi ya kai ƙarshen maganarsa, domin sau da yawa abin da zai cece ka yana cikin rabin da ka katse. Kuma ka tuna ba kullum kai kaɗai ke biyan kuɗin girman kanka ba. Gilashin mota an canza shi, jirgi an haɗa wani, amma kallon da Baba ya so ya ƙoshi da shi babu shagon da ake sayar da shi. "Ban sani ba" ba ta rage wa kowa tsawo. Ka faɗe ta da wuri, tun tana da amfani.