Ramin Baƙin Ruwan Zaitun

An yi wani mutum a ƙauyenmu na gindin duwatsu, can sama da kogin Warga. Ba zan kama sunansa ba, ya 'yan uwa, domin ya riga mu gidan gaskiya, kuma ya bar zuriya. Dattawan cikinku sun san shi. Alhaji kawai muke ce masa.

Shi ke da injin matsar zaitun guda ɗaya tilo a yankin. Da sanyi ya shigo aka fara kaɗe itatuwa, jakuna da alfadarai da motoci layi suke yi a ƙofarsa. Mutum ne mai sakin hannu, muddin akwai idon jama'a. Shi ya shimfiɗa wa masallaci darduma. Ran Juma'a akushin kuskus ɗinsa ke fara isowa. Sahun farko bai taɓa wuce shi ba.

To, kun dai san zaitun ba mai kaɗai yake bayarwa ba. Idan aka matse shi, mai ya fita gefe, baƙin ruwan nan da muke kira marjan shi ma ya fita gefe. Ga wari, ga ɗaci, duk ciyawar da ya kwanta a kai sai ta ƙone. Hukuma ta ce kowane mai inji ya gina masa tafki na siminti, ya kewaye da waya, rana ta shanye shi a hankali. Alhaji ya ga wannan ɓarnar dukiya ce. Sai ya sa bututu, ya sake shi cikin rafi.

Wane rafi? Wanda mata ke wanki a bakinsa. Wanda tumaki ke sha. Wanda ake jawo wa lambunan albasa da na'ana'a. Kowa yana gani, kowa ya yi gum. In ka yi magana, ina za ka kai zaitun ɗinka?

Ana nan aka turo wa makarantar ƙauye wata malama, budurwa daga birni, sunanta Nazha. Ƙananan aji aka ba ta. Wata rana ta ce kowane yaro ya zo da kofin shayi daga gida. Ta jera su, ta kai su rafi. Suka ɗibi ruwa a idon ruwan da yake ɓuɓɓugowa, suka ɗiba a wurin wanki, suka ɗiba a inda ake zubar da shara, suka ɗiba a ƙasan inji. Ta ce su ɗaga kofunan a rana su duba.

Ta koya musu cewa dattin ruwa ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ido ke gani, kamar leda da gwangwani. Akwai wanda hanci ke ji, kamar najasa da mushe. Akwai wanda ke ɓuya, ya nutse cikin ƙasa, ya je ya sami rijiya ba tare da sallama ba. Ta gaya musu ciwon da kowanne ke kawowa. Ta kuma ja musu kunne sosai a kan marjan. Ta ce duk inda ya taru ya kwanta, samansa yakan bushe ya yi ɓawo kamar ƙasa, alhali ƙarƙashinsa ruwa ne mai kauri, don haka kada wanda ya kuskura ya taka.

Suka shuka wake a gwangwanaye, kowanne aka riƙa ba shi ruwan wuri daban.

A ajin nan akwai jikar Alhaji, Gizlan, 'yar ɗansa Bushta. Yarinya ce mai surutu, kuma ita ce 'yar lelen kakanta. Wata safiya suna karin kumallo, ana dangwala burodi a mai, ta ɗago kai ta dubi kakanta, wanda take kira Ba Sidi.

"Ba Sidi, ka san ruwa ma yana rashin lafiya?"

Alhaji ya yi dariya. "To, likitan gidanmu, wa ya sa masa ciwon?"

"Waken da muka ba ruwan ƙasan injinka ya mutu. Sauran duk sun fito. Kwaɗi ma sun mutu, Ba Sidi, na gan su cikinsu a sama. Malama ta ce in kwaɗo ya kasa zama a ruwa, mutum ma kada ya sha."

Ya 'yan uwa, wannan ba wa'azi ba ne? Allah ya aiko masa da shi har kan tabarmarsa, ta bakin da ya fi so a duniya, cikin laushi, ba a gaban jama'a ba. Me ya rage masa in ban da ya sunkuyar da kai?

Mari ya kai mata. Yarinyar da bai taɓa yi wa tsawa ba.

"Man da kike dangwala daga ina ya fito? Daga yau na sake jin maganar ruwa a gidan nan, daga bakinki ko na wani, sai na karya mutum."

Uwar yarinyar, Hadda, ta ja 'yarta ɗaki. Bushta ya ci gaba da kallon kofinsa.

Ranar Alhaji ya je makaranta. A gaban yara ya tsaya.

"Ke 'yar birni, karatu da lissafi aka turo ki koyarwa, ko ƙirga mini kwaɗi?"

Ta ce, "Alhaji, ban taɓa kama sunanka ba. Yaran ne suke da ido."

"Tun ba a haifi ubanki ba ake zuba marjan a rafin nan."

"A lokacin dutsen niƙa ne da alfadari, Alhaji. Rafin yana iya haɗiye wancan. Na inji ya fi ƙarfinsa."

"Za ki ga abin da ya fi ƙarfi," in ji shi.

Ya tara iyayen yara a gidansa, aka sha shayi, aka ci nama. Ya ce malamar nan tana kwashe yara daga aji tana yawo da su a bakin ruwa. Ya ce tana koya musu raina manya. Sannan ya rage murya, ya ce budurwa mai zaman kanta a ɗaki ita kaɗai, wa ya san masu shiga da fita? Ƙarya yake yi, kuma duk wanda ke ɗakin ya san ƙarya yake yi. Amma lokacin matsa ne, buhunan kowa suna jibge a ƙofar inji. Suka bi shi gari, suka kai ƙara.

Kafin zaitun ya ƙare aka ɗauke Malama Nazha, aka jefa ta wani ƙauye can ƙuryar duwatsu inda mota ba ta zuwa. Ta tafi da ɓataccen suna. Wanda aka kawo a madadinta an riga an raɗa masa a kunne, bai taɓa fita da yara daga aji ba, bai taɓa ambaton ruwa ba sai na alwala.

Sai dai ƙarar ta jawo ido. Ma'aikata suka zo daga gari, suka ga bututu, suka ce a cire. Kuna tsammanin ya tuba? Ya ɗauko motar haƙa, ya sa aka yi masa ƙaton rami a bayan inji, cikin itatuwansa, inda ba a hangowa daga hanya. Ba siminti, ba waya. Ya juya bututun can. Ya ce, "Ai ga shi rafinsu ya huta."

Masu iya magana sun ce in za ka haƙa ramin mugunta, haƙa shi gajere. Alhaji mai zurfi ya haƙa.

Shekara ta zagayo. Idon ruwan ƙauye, wanda kakanninmu suka zauna dominsa, ya fara canja launi kamar shayin da ya kwana. Mata suka ce burodi yana ɗaci. Yara suka yi ta gudawa. Aka koma ɗauko ruwa a bayan jaki daga wani ƙauye. Ruwa ba ya tsami banza, kowa ya san daga inda abin ya fito.

Sai akuyar wani makiyayi, Si Mufaddal, ta faɗa ramin. Ya zo ya sami Alhaji a ƙofar inji.

"Alhaji, raminka ya ci akuyata. Ba biya na zo nema ba. Ka kewaye shi. Samansa ya yi ɓawo, har ciyawa ta fito, ni kaina da ƙyar na gane bakinsa."

Alhaji ya ce, "Akuyarka ce ba ta da hankali, Si Mufaddal, ta gado mai ita. Me ya kai ta gonata?"

Zaunannun wurin suka yi dariya, don Alhaji ne ya yi barkwanci. Makiyayin ya ce, "Yau akuya ce," ya juya.

Gizlan tana da ƙane, Marwan. Shi kaɗai ne jika namiji, shi Alhaji ke cewa zai gaji inji. A shekarar ya shiga makaranta, ajin da Malama Nazha ta bari. Ba wanda ya taɓa kai shi rafi da kofi. Ba wanda ya taɓa gaya masa marjan yana yin ɓawo. Yayarsa ta sani, amma tun ranar marin nan ba ta sake buɗe baki a kan maganar ruwa ba.

Wata ranar bazara da hantsi, yara suna wasan ƙwallo a cikin itatuwan. Ƙwallo ta gangara, ta tsaya a tsakiyar wani fili mai santsi, ga busassun ganyaye a kai. Marwan ya bi ta da gudu. Gizlan tana shanya kaya a saman soro, ta hango shi. Ta ƙwalla ƙara, "Marwan, kada ka taka! Ba ƙasa ba ce!"

Ya riga ya taka.

Ba zan tsawaita muku ba. Da dogon sandan kaɗe zaitun aka lalubo shi. Ni aka kira na yi masa wanka. Ya 'yan uwa, ruwan da za a wanke shi babu a ƙauyen, sai da aka jira jaki ya dawo. Na wanke yaron nan, na sake wankewa, baƙin bai bar ƙarƙashin farcensa ba. A haka muka sa shi a likkafani.

Da aka dawo daga maƙabarta, Hadda ta fito tsakar gida. Matar da tun da aka kawo ta ba ta taɓa haɗa ido da surukinta ba, ranar ta tsaya a gabansa, gaban masu ta'aziyya.

"Baba Alhaji, ka kori wadda za ta gaya masa. Ka mari wadda za ta gaya masa. To kai me ya hana ka gaya masa?"

 Da wane baki zai amsa mata?

Bayan sadakar arba'in Bushta ya kwashe matarsa da 'yarsa suka bar garin, bai ko waiwayo ba. Hukuma ta rufe injin. Itatuwan da ke kewaye da ramin, waɗanda kakansa ya dasa, suka bushe ɗaya bayan ɗaya. Mutanen da suka ci namansa suka bi shi kai ƙara, su ne suka fara tsallaka hanya in sun hango shi. Haka duniya take, wanda ya taya ka zalunci ba ya taya ka kuka.

Da jiki ya fara ƙi, sai ya hau alfadari ya nufi ƙauyen da aka jefa malamar. Ya same ta, ya durƙusa, tsoho da furfura a gaban sa'ar 'yar cikinsa. Ya ce ta yafe masa.

Ta yi kuka da ta ji labarin yaron. Sannan ta ce, "Ƙazafin da ka yi mini na yafe, Alhaji. Amma ruwan ba nawa ba ne. Ka je ka nemi masu shi."

Ya 'yan uwa, ina zai gan su? Jaririn da gudawa ta ɗauke? Tsohuwar da bayanta ya ranƙwafe a hanyar ɗibar ruwa? Dabbar da ta sha ta mutu? Mutanen ƙasan kogi da bai taɓa sanin sunansu ba? Wanda ya saci tunkiya ya san ƙofar da zai je ya ba da haƙuri. Wanda ya ɓata ruwa bai san yawan masu jiransa gobe ƙiyama ba.

Ya dawo, bai daɗe ba ya rasu, shi kaɗai a babban gida. Sai da maƙwabta suka ga ƙofa ba ta buɗe ba aka sani. Idon ruwanmu kuwa har yau bai warke ba.

Ku dubi addinin nan namu. Mutum ɗaya ya yi bawali a inda jama'a ke ɗibar ruwa, an hana, an tsoratar. To ina ga mai bututu? Ina ga mai wanke tankin maganin feshi a rafi? Ina ga mai jefa mushe a rijiyar da aka daina ja? Ina ga wadda ke juye sharar gidanta a kwata, ta ce ruwan sama zai tafi da ita? Ina zai kai ta, in ba ƙofar ɗan uwanta ba?

Kada darduma ta ruɗe ku, kada sahun farko ya ruɗe ku. Haƙƙin bayin Allah ba ya faɗuwa da yawan raka'a.

Kuma idan ɗanka ya dawo daga makaranta ya ce, "Baba, abin nan da muke yi yana ɓata ruwa," kada ka ce yaro ne. Kada ka ɗaga masa hannu. Ka ce ya zauna ya koya maka, ya koya wa ƙannensa. Gaskiya ba ta da ƙarami. Duk wanda ya toshe bakin mai gargaɗi, to bai san wanda gargaɗin zai ceta ba.

Allah ya kiyaye mu da cutar da bayinsa, a fili ko a ɓoye. Allah ya kiyaye mu da girman kan da ke hana jin gaskiya. Allah ya jiƙan yaron nan, ya sanyaya zuciyar uwarsa. Kada Allah ya kama 'ya'yanmu da abin da hannuwanmu suka haƙa. Amin.